KURA DA SHAN BUGU, GARDI DA KARƁAR KUƊI

Na san wata tana buɗe wannan shafi ta ga maganar direbobin tirela ce za ta taɓe baki ta ce, "To mu kuma ina ruwanmu da gingimari, mu da ko sitiyari ba mu taɓa riƙewa ba?" Ki yi haƙuri 'yar uwa, ki leƙa kicin ɗinki tukuna. Gishirin da kika barbaɗa a miya, da manjan da kika soya albasa da shi, da sukarin kokon yara, har da simintin da aka gina ɗakin da kike zaune a ciki, babu wanda ya zo da ƙafarsa. Wani bawan Allah ne ya kwana yana murza sitiyari ya kawo su. Jirgin ƙasa ya iso Kano tun 1911, kuma shi ne ya daɗe yana jigilar gyaɗa da fatu zuwa Ikko, amma a yau mafi yawan kayan ƙasar nan a bayan mota suke tafiya. Shanun Wudil da Potiskum, da hatsin Dawanau, da tumatirin Kadawa, duk direba ne ke kai su Kudu. Bayan haka ma, da wuya ki sami unguwar da babu matar direba, ko uwar direba, ko budurwar da direba ke zuwa zance wurinta.

Tambayar da nake so mu tattauna a kai ita ce: mutumin da ke tuƙa babbar mota yana ɗaukar wa wani kamfani ko wani attajiri kaya, shin ma'aikacinsu ne, ko kuwa mai zaman kansa ne da suka yi jinga da shi kawai? Za ki ji kamar gardamar lauyoyi ce. To amma ranar da mota ta faɗi a hanya aka ɗauko direba da karaya, amsar wannan tambaya ce ke nuna ko za a ci gaba da ɗora tukunya a gidansa, ko kuwa matarsa za ta fara fitar da kwanukan ɗakinta kasuwa ɗaya bayan ɗaya.

Direbobin nan dai iri uku ne. Akwai mai motar kansa. Shi ya tara kuɗinsa ya saya, ko ya gada. Yana zuwa tasha 'yan kamasho su haɗa shi da mai kaya, a yi ciniki, in farashi ya yi masa ya yi lodi, in bai yi masa ba ya ce albarka. In ya ga dama ya ajiye mota sati guda ya tafi bikin ƙanwarsa, babu mai tuhumarsa. Ribar tasa ce, in kuma inji ya buga shi zai nemo kuɗin bakanike. Akwai kuma direban kamfani. Mota ta kamfani, mai na kamfani, gyara na kamfani, shi nasa tuƙi da albashi a ƙarshen wata. Waɗannan biyun babu wata gardama a kansu, kowa ya san matsayinsa.

Na ukun ne abin tausayi. Shi ne wanda ake gaya wa ranar da zai tashi, da hanyar da zai bi, da kuɗin da za a ba shi, ba shi da ikon cewa a'a, kuma ba shi da ikon ɗaukar kayan wani ko da motar tana zaune. Wani ma an ba shi motar ce bashi, ana cire kuɗinta daga kowace tafiya, da alkawarin in ya gama biya ta zama tasa. Muddin mota na tafiya lafiya, yaron gida ne, sai abin da aka ce masa. Ranar da taya ta fashe, ko kaya suka jiƙe, ko ya kwanta ciwo, sai a zaro takarda a ce, "Ai kai ba ma'aikacinmu ba ne, ɗan kwangila ne mai cin gashin kansa." Wajen karɓar umarni bara ne, wajen ɗaukar asara kuma an naɗa shi maigida. Wannan shi ne kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Don mu fahimci abin sosai, mu dawo cikin gidajenmu, domin mu ma muna ɗaukar mutane aiki. Kin san bambancin telarki da 'yar aikinki. Tela tana da kekenta, tana da shagonta ko ɗakinta, ita ke faɗin kuɗin ɗinki, tana yi miki tana yi wa kishiyarki, kuma in sallah ta matso tana iya ce miki ta rufe karɓar ɗinki. Ba ki isa ki ce mata ta tashi da asuba ta hau keke ba. Abin da ke tsakaninku riga ce, ta ba ki rigarki ki ba ta kuɗinta. Ita kuwa 'yar aiki lokacinta kika saya. Ke ke cewa yanzu shara, an jima wanke-wanke, da tsintsiyarki take shara, da sabulunki take wanki, ba ta da damar ta bar miki kwanuka ta tsallaka maƙwabta ta yi musu aiki. To yanzu a ce kin wayi gari kin ce wa 'yar aikin nan, "Daga yau ke 'yar kwangila ce, ki riƙa sayen omo da kuɗinki, in kin yi zazzaɓi babu albashi, amma fa ƙarfe shida na safe ina son ganinki." Ko ke da kanki ai kin san an yi cuta.

Malamanmu na fiƙihu sun yi wannan rabon tun ƙarnoni masu yawa da suka wuce, tun ba a san za a ƙera mota ba. Sun ce wanda ake ɗauka aiki iri biyu ne. Akwai ajirun khas, wato wanda mutum ɗaya ya keɓe wa kansa na wani lokaci sananne. Shi wannan yana cancantar ladansa da zarar ya kawo kansa wurin aiki a lokacin da aka yi da shi, ko an ba shi aikin ko ba a ba shi ba, kuma amintacce ne, ba a sa shi biyan abin da ya lalace a hannunsa sai in an tabbatar da ganganci ko sakaci. Akwai kuma ajirun mushtarak, wato mai sana'ar da ya buɗe ƙofarsa ga kowa, kamar tela da marini da maƙeri. Shi ba a biyansa sai ya yi aikin, kuma a mazhabarmu ta Malikiyya in ya tafi da kayan mutane wurinsa suka salwanta, lamuninsu na kansa. Duk wadda ta yi karatun Risala a Islamiyya ta bi ta kan wannan hukunci na masu sana'a. Hikimar da ke ciki a fili take. An haɗa 'yanci da ɗaukar asara wuri ɗaya, an kuma haɗa biyayya da samun kariya wuri ɗaya. Babu inda aka yarda a ɗebe wa mutum 'yanci, a kuma ɗebe masa kariya, a bar shi tsirara.

To me ya sa masu kamfani ke son kiran direba ɗan kwangila? Kuɗi ne 'yar uwa. A Nijeriya, dokar fansho ta 2014 ta ce kamfanin da ke da ma'aikata 15 ko fiye zai riƙa zuba wa kowane ma'aikaci kashi 10 cikin 100 na albashinsa a asusun fansho, shi ma ma'aikacin a cire masa kashi 8. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa mai ɗaukar aiki zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya a asusun hukumar NSITF, don in ma'aikaci ya ji rauni ko ya rasu a bakin aiki a sami abin da za a ba shi ko iyalinsa. A 2024 an mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a wata, amma dokar ba ta rufe wanda ake biya da kamasho ko da jinga ba. Kin ga ke nan da kalma ɗaya a kan takarda, fansho ya tafi, diyya ta tafi, albashin wata ya tafi. Aikin bai ragu da ko kilomita ɗaya ba, haƙƙin ne kawai ya ɓace.

Kada ki ɗauka wannan halin ƙasarmu ne kaɗai. Inda aka fi fafatawa a kan maganar nan ma Amurka ce, kuma yana da kyau mu ji abin da ya faru a can. A 1980 gwamnatin Shugaba Jimmy Carter ta sassauta dokokin safarar kaya da manyan motoci. Kamfanoni suka yi yawa, gasa ta yi zafi, farashin dako ya faɗi, da yawa daga cikinsu suka koma aiki da direbobin da suke kira masu zaman kansu. A jihar Kalifoniya akwai manyan tashoshin jiragen ruwa biyu maƙwabtan juna, Los Anjalas da Long Beach, inda kwantenoni daga Sin da sauran ƙasashen Asiya ke sauka. A 2008 hukumomin tashoshin suka fara hana tsofaffin motoci shiga saboda hayaƙinsu yana cutar da mazauna unguwannin kusa. Niyyar mai kyau ce. To amma sabuwar mota kuɗinta ya kai wajen dala 100,000, talakan direba kuwa ba shi da su. Sai kamfanoni da yawa suka sayi motocin suka ba direbobi bashi, ana cire kuɗin mota da na inshora da na mai da na gyara daga abin da suka samu kowane mako.

A 2017 jaridar USA Today ta buga wani dogon bincike a kan waɗannan direbobi, galibinsu baƙi ne 'yan ci-rani. Ta gano wasu suna yin awa 20 a rana suna aiki, alhali dokar ƙasar ta ce kada direban babbar mota ya wuce awa 11 yana tuƙi ba tare da ya yi dogon hutu ba. Akwai direban da bayan an gama cire-cire, abin da ya tsira da shi a wani mako santi 67 ne, ko dala ɗaya bai kai ba. Abin da ya fi ciwo shi ne, wanda ya kasa biya, ko ya yi jinya, ko aka kore shi, sai a karɓe motar, kuɗin da ya shekara da shekaru yana zubawa su bi ruwa, a miƙa motar ga wani sabon direba ya faro daga farko. Allah Sarki! Duk wadda ta taɓa zubin adashi aka gudu da kwasarta ta san ɗacin wannan, sai dai nasu ya ninka namu.

Kotuna dai ba su yi shiru ba. A 2014 wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta duba ƙarar direbobi wajen 2,300 masu raba kaya na kamfanin FedEx a Kalifoniya. Takardarsu ta ce su masu zaman kansu ne, su ke sayen motocinsu. Amma kamfanin ne ke faɗin irin motar da launinta, da kayan da za su sa, har da yadda za su gyara gashi da gemu. Alƙalai suka ce wanda aka juya shi haka ma'aikaci ne ko me takarda ta kira shi, kuma a 2015 kamfanin ya amince ya biya dala miliyan 228. A 2018 kuma Kotun Ƙolin jihar ta yanke hukunci a shari'ar wani kamfanin aike mai suna Dynamex, wanda a 2004 ya wayi gari ya mayar da direbobinsa 'yan kwangila. Kotun ta ce duk wanda aka sa aiki ma'aikaci ne, sai in kamfani ya tabbatar da abu uku: ba ya ƙarƙashin umarninsa, aikin da yake yi ba shi ne ainihin sana'ar kamfanin ba, kuma dama can yana da tasa sana'ar mai zaman kanta. Misalin da alƙalan suka kawo zai yi miki daɗin ganewa. In mai kanti ya kira mai gyaran famfo, wannan baƙo ne ya zo ya yi aikinsa ya tafi. Amma in kamfanin tufafi ya raba wa mata yadi suna ɗinka masa riguna a gidajensu shi kuma yana sayarwa, waɗannan ma'aikatansa ne. Majalisar jihar ta mayar da wannan hukunci doka a 2019, ana kiranta AB5, kuma bayan doguwar shari'a ta fara aiki a kan masu manyan motoci a 2022.

Yanzu za ki ce to ai shi ke nan, direbobi sun yi nasara, sai murna. A nan ne maganar ta ɗauki wani salo. A watan Yuli na 2022 ɗaruruwan direbobi masu motocin kansu suka tare ƙofofin tashar jiragen ruwa ta Oakland na kwanaki, suna zanga-zangar ƙin dokar da aka ce don su aka yi. Hujjarsu ita ce, tunda sana'ar kamfanin dako ita ce dako, sharaɗi na biyu ya sa da wuya wani kamfani ya ba mai motar kansa kaya ba tare da ya mai da shi ma'aikaci ba. Su kuwa da yawansu sun yi shekaru suna yi wa wasu bauta, suka yi ta tari har suka mallaki mota, don dai su huta da "zo nan, je can". Ga shi an zo za a mayar da su inda suka baro da sunan taimako. Ni dai ban ga laifinsu ba. Mu Hausawa mun san darajar mutum ya ce "nawa ne". Yaron mota burinsa ya zama direba, direba burinsa ya mallaki mota, kamar yadda kowace mace mai ɗinki ke burin kekenta na kanta. Dokar da ta tashi kare na uku, bai kamata ta murƙushe na farko ba.

Su ma masu motoci na nan gida suna da abin faɗa, kuma adalci ne a saurare su. Za su ce miki mota tana barin gareji ta fita daga idonsu. Akwai direban da zai zuƙe mai ya sayar a hanya, akwai wanda zai jibga fasinjoji a saman buhuna ya soke kuɗin a aljihu, akwai wanda zai canza sabuwar taya da tsohuwa. Suka ce in ka yanka wa irin wannan albashi ko ya yi aiki ko bai yi ba, ka kashe kanka, gara ka ɗaura masa wani abu a wuya don ya ji zafin dukiyar. Gaskiya ne ana yin haka, kuma haramun ne, direban da ke yi ya ji tsoron Allah. Amma maganin ha'inci shi ne a kama mai yi a hukunta shi, ai shari'a ma ta ce mai ganganci da sakaci ya biya. Laifin wasu ba ya halatta a ɗora wa kowane direba asarar da ba shi ya jawo ba, kamar ramin hanya, ko 'yan fashi, ko kwanakin da aka yi ana bin layi. An yi shekarun da motoci ke yin kwanaki, wani lokaci har makonni, a layin shiga tashar Apapa a Legas, direba na kwana a ƙarƙashin mota yana cin guzurinsa. In lokacinsa aka saya, to wannan zaman jiran ma aiki ne, a biya shi.

Akwai kuma masu cewa, "To ai shi ya sa hannu, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa." Wannan magana tana da ƙarfi in mutane biyun da suka ƙulla yarjejeniyar kowa na iya tashi ya bar wurin. Amma ki dubi mai 'ya'ya bakwai, ga kuɗin haya ya zo, ga takarda shafi goma da Turancin lauyoyi, shi kuwa iyakarsa firamare ko makarantar allo, ga wasu mutum ashirin a bakin ƙofa suna jiran ya ƙi su karɓa. Wannan sa hannun na dole ne, irin wanda ake ce wa mijin iya baba. Yarda tana halatta ciniki, amma ba ta mayar da ƙarya gaskiya. In takarda ta ce mutum mai cin gashin kansa ne, alhali ko awa ɗaya ta ranarsa ba shi da iko da ita, to takardar ce ta yi ƙarya, ko da da yatsu goma ya dangwala mata.

Saboda haka ni a nawa ganin, kuskure ne a ce dukkan direbobi ma'aikata ne, kuskure ne kuma a ce dukkansu 'yan kwangila ne. A bar suna a dubi zaman da ake yi. Wa ke yanka kuɗin dako? Direban yana iya ƙin lodi ba tare da an hukunta shi ba? Yana iya ɗaukar kayan wani? Yana iya sa wani direba ya je a madadinsa? In yau suka rabu, da motar zai tafi ko da jakar kayansa kawai? Wanda amsoshin nan suka nuna shi ke da iko, to shi ne mai ɗaukar nauyi, domin kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Wannan ba ra'ayina ni kaɗai ba ne. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya a shawararta mai lamba 198 ta shekarar 2006 ta ce a fifita yadda ake gudanar da aikin a zahiri a kan sunan da aka ba shi a takarda. Kotun Ƙolin Nijeriya ma a 2008, a shari'ar kamfanin Shena Security da Afropak, ta lissafa abubuwan da ake dubawa, ciki har da yadda ake biya, da wanda ya kawo kayan aiki, da ko an ƙayyade wa mutum lokutan aiki. Shi kuma wanda aka ba mota bashi, in har da gaske ana so ya zama mai ita, to a rubuta cewa in tafiya ta ɓaci kafin ya gama biya, za a yi lissafi a mayar masa da kasonsa. In babu wannan, haya kawai yake biya ana yi masa romon baka.

Wani abin da ya kamata ya tayar mana da hankali shi ne, wannan cuta ba ta tsayawa a kan direba shi kaɗai. Mutumin da ba a biyansa sai ya sauke kaya, ga bashin mota na jiransa ƙarshen mako, barci ma asara ne a wurinsa. Shi ne za ki ga ya haɗa dare da rana, yana watsa wa fuskarsa ruwa, yana cin goro, wani har ya kai ga shan ƙwaya don ido ya bushe. Birki na ƙara amma ya ce sai an dawo, domin kuɗin gyaran daga aljihunsa za su fita. Ita kuwa hanyar da yake bi, ita ce motar hayar da ta ɗauko 'yan kai amarya ke bi, ita ce ɗanki ke tsallakawa in zai tafi makaranta. Kuɗin da mai kamfani ya ga kamar ya tsimi, sau da yawa wasu bayin Allah da ba su ji ba su gani ba ne ke biyansu da rayukansu.

Kafin mu gama zagin masu motoci kuma, mu tuna laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Mata nawa ne a cikinmu in yarinyar aiki ta fasa tangaran bisa tsautsayi sai a zaftare albashinta? Nawa ne in ta kwanta zazzaɓi sai a ce ta tafi gidansu in ta warke ta dawo, a kuma cire kwanakin? Wajen aike da tashin asuba 'yar gida ce, wajen magani da ɗinkin sallah kuma ta zama bare. Hukuncin da ya hau kan mai tirela goma, shi ne ya hau kan mai 'yar aiki ɗaya. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi gargaɗi mai tsanani a kan wanda ya sa mutum aiki, ya karɓi aikin cikakke, sannan ya hana shi ladansa. Ranar da za a yi wannan hisabi ba za a tambayi abin da aka rubuta a takarda ba.

Ke kuma matar direba, ko wadda ke shirin zama, ga 'yar shawarata. Ki lallaɓa maigida cikin ladabi, lokacin da ya ci ya huta, ki ce, "Maigida, wai in Allah Ya kawo tsautsayi a hanya, wa zai ɗauki nauyin asibiti? Motar nan da kake biya, in ka kwanta ciwo wata biyu yaya za a yi da abin da ka zuba?" In akwai takarda, a kai wa wanda ya iya karatu kuma aka amince da shi ya fassara ta kafin a sa hannu. In babu, a yi magana a gaban shaidu a rubuta, ai addini ma ya hore mu da rubuta bashi. Ya riƙa karɓar rasit na duk abin da ya biya, ke kuma ki adana masa su a ƙasan akwatinki kamar yadda kike adana sarƙarki. Ya riƙe katinsa na ƙungiya, domin mutum ɗaya ba ya iya ja da kamfani. Tambayar nan ba rashin tawakkali ba ce, ɗaure raƙumi ne kafin a dogara ga Allah.

Allah Ya tsare mana mazajenmu da 'ya'yanmu da ke kan hanya dare da rana, Ya kai su lafiya Ya dawo mana da su lafiya. Masu dukiya Allah Ya ba su ikon sauke haƙƙin na ƙasa da su, direbobi kuma Ya ba su ikon riƙe amana. Mu ma Allah Ya hana mu cin gumin wani, komai ƙanƙantarsa, amin.